Boris ɗin Motar Kawu Ladan

Daren Laraba, Badariya

Yau na ga iyakar injiniyancin Shehu. Kawu Ladan ya kawo motarsa ta ɗaukar albasa garejina, wai tana gurnani tun da Shehu, ɗan amininsa, ya gyara mata giyabos a Argungu. Shehun ma ya biyo shi cikin farar shadda, kamar ɗaurin aure ya zo.

Da na buɗe giyabos ɗin, man da ya zubo duk garin ƙarfe ne. Na kama sandar ciki na jijjiga, sai ga ta tana rawa kamar haƙorin tsoho. Boris, zoben ƙwallayen ƙarfen da sandar ke juyawa a cikinsa, ya cinye, har haƙoran giya ta uku sun fara gogewa.

Shehu ya leƙo daga nesa don kada rigarsa ta ɓaci, ya ce, "Wasa kaɗan na, haka suke zuwa. Rufe kawai."

Na ce, "Zo ka taɓa." Bai zo ba.

Na zare boris ɗin na sa a tafin Kawu. Ya juya shi, ya ji yana ƙara kamar an zuba yashi. Ya dubi Shehu ya ce, "Wanga shi na sabon da kac ce ka sa?" Shehu ya hau latsa waya.

Da wannan motar fa Kawu zai kai Inna asibiti jibi. Da giya ta cije a daji fa? Mutumin da ko baƙin mai babu a farcensa, wai shi ne injiniya.

Kawu ya jefa boris ɗin a aljihu, ya ce uban Shehu zai kai wa.