Kaset ɗin da ba ki sake juyawa ba

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata Allah Ya sa kina cikin ni'ima. Hadiza ce, daga garin Lyon na Faransa.

Shekara biyu da rasuwarki, sai yanzu Gwaggo Mariya ta aiko mana da kwalin kaset-kaset ɗin da muke naɗar murya muna aika miki Damagaram. Kin tuna, sai mu kai su unguwar Château Rouge, matattarar 'yan Afirka, mu ba duk mai tafiya gida.

Na Rakiya ƙanwata sun sha jiki, Inna. Wasu zarensu ya tsinke kin sa an liƙe, rubutun jikinsu ya goge saboda riƙo. Nawa guda uku suna nan fes, kamar yau aka saye su.

Na san abin da ke cikin nata, don a gabana ta naɗi ɗaya a ɗakinta na unguwar Saint-Denis. Tana ta cewa Innata zumata, hasken idona, ga kuka, ga waƙa, har gefe biyu su cika. Na yi ta mata dariya, na ce wannan sakarin ne, garin nan da ake sawa a madadin sukari, zaƙin ya yi yawa har yana hawa kai. Turawan Ingila ma, na ce mata, da sunan sakarin suke kiran irin wannan magana.

Ni kuwa nawa minti biyar ne. Muna lafiya, ga maganin hawan jini, ƙwaya ɗaya da safe, a rage gishiri. Ni na bi likitoci, ni na san awonki. Na ɗauka kina jin sauran ko ban faɗa ba.

Na tambayi Gwaggo a waya. Ta ce a kwanakinki na ƙarshe muryar Rakiya kike sa a kunna miki. Na ce tawa fa? Sai ta koma tambayar sanyin Faransa.

Ina kishin Rakiya, Inna, kishi mai zafi, kuma ba ta yi mini komai ba. Ko yau da ta kira na ƙi ɗauka.

Kullum kina cewa Hadiza ba ta da yawan magana. Da yabo na ɗauke shi. Ina sonki, Inna, ban gaza Rakiya ba ko kaɗan, kuma kin tafi ban taɓa faɗa miki da bakina ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka makwancinki, Ya sanar da ke abin da na ɓoye. Ni kuma Ya sanyaya mini zuciya a kan ƙanwata.

Ɗiyarki ta fari,
Hadiza