Idanun Abarbar Siminti

Zuwa ga Neng Imas, zumar tsakiyar abarba, sanyin safiyar gonar shayi, ke da kika raba ni da ɗanɗanon shinkafa yau kwana tara!

Imas, wane tsautsayi ne ya kai mu kallon ƙatuwar abarbar simintin nan ta mararraba, ni da ke da mahaifinki Abah Oyo? Ina ganinki har yanzu cikin ɗankwalinki ruwan ƙwai, kin tsaya nesa kin buɗe tafin hannu don hoto ya nuna kamar ke kike ɗauke da ita, ita da ta fi masallacin unguwarmu tsawo. Wayyo ni! Da ma a kanki na tsayar da idona.

Amma kin san halina. Shekara goma sha ɗaya ina fere abarba a bakin titi, wuƙata ma ta san idanun abarba a karkace suke tafiya, suna zagaya ta. Wannan kuwa an jera mata su layi-layi kamar tayil ɗin banɗaki. Na ƙwanƙwasa ta da yatsa yadda muke gwada ta gaske, na ɗaga murya na ce, "Wanda ya gina wannan ko a mafarki bai taɓa ganin abarba ba. Tulu ne aka dasa wa jelar zakara!" Fasinjojin wata bas da ta tsaya kusa suka kwashe da dariya. Kika taka min ƙafa, ni gogan naki na ɗauka so ne. Sai Abah ya gyara zaman hularsa ya ce, "Wata bakwai na yi a kanta, Engkus. Neng, mu tafi gida." Haba rabin raina, ki san ubanki ne magininta ki bar ni da bakina a sake?

Ga shi ranar Lahadi kawuna zai zo neman aurenki, an kuma ce Abah ya ce ko akuyata ba za ta shiga gidansa ba. Tsoro nake ji, Imas, tsoro na gaske.

Sau uku na koma wurin abarbar ni kaɗai, ko zan samo mata wani kyau da zan je in yaba. Na duba ta gaba, na duba ta baya, babu. Jiya Bi Onah, tsohuwar da ke gasa masara a gindinta, ta nuna ni da mafici ta ce, "Kai ne mai bakin nan? Sakarai! Oyo ya san abarba tun kana tsumman goyo. Zanen 'yarsa ya bi, wanda ta yi tana aji ɗaya, shekarar da uwarta ta rasu. Masu aikin suka ce ya gyara, ya ce sai dai su nemi wani magini."

Imas! Ashe hannunki na yi wa dariya a gaban bas guda, ɗan hannun da bai gama iya riƙe fensir ba? Na zauna a kan dakalin gindinta na yi kuka, har wasu baƙi suka ɗauke ni hoto tare da abarbar.

Ki gaya wa Abah ina nan tafe, ko ya buɗe ƙofa ko ya bar ni a waje ruwa ya dake ni. Zan durƙusa in sumbaci hannunsa in ce na tuba, fentin abarbar kuma ya zama aikina duk shekara muddin ƙafata na hawa tsani. Abu ɗaya ne ba zan iya ba, wato in ce idanun nan daidai suke. Ba daidai suke ba, masoyiyata, kuma duk wanda ya zo gyara su sai ya fara bi ta kaina.

Naki har siminti ya nuna a fere shi,
Engkus