Shamakin Kifin Auta

Litinin, 1 ga Satumba

Na iso gidan 'yata Auta. Surukina ne ya tarbe ni, na ce ina take, ya ce tana wurin kifi. Sai yamma ta shigo, ƙafafu sun kumbura har takalmin mijinta take sawa. Cikin ya shiga wata na bakwai. Biyu sun zube mata kafin wannan. Na zo ne in zaunar da ita, ko da kuwa sai na zauna a kan zanenta.

Ita ta ba ni wannan littafin, wai kada hannuna ya manta abin da na koya a ajin manya. To ga shi ina yi.

Laraba, 3 ga Satumba

Na raka ta asibiti. Jininta ya hau. Likita ta ce daga Juma'ar mako mai zuwa ba aiki, sai kwanciya. Auta ta tsaya ciniki da ita kamar a kasuwa, a ƙara mata mako ɗaya. Likita ta ce, "Ke Dakta ce a wurin kifi, nan kuwa ni ce."

A mota ta yi min bayani. Gwaji ɗaya ya rage mata. Masu duba aikinta sun ce sai ta yi shi za su yarda da duk abin da ta yi a shekarun nan. In ba ta yi ba, wa'adinta a wurin zai ƙare, a ba wani kujerar. Kifayen da za ta yi gwajin da su kuma sun tsufa, ba kullum suke ƙwai ba.

Na ce a sayo wasu mana. Ta ce irin waɗannan ba a samunsu a kasuwa.

Alhamis, 4 ga Satumba

Yayata ta kira. Ta ce, "Yaya mai kifi? Duk karatun nan a ƙare a kiwo, kifin ma da ba ya cika cokali." Na yi dariya kawai. Mutane suna tambayata aikin 'yata, ina cewa Dakta ce, sai su fara ba ni labarin ciwon bayansu.

Asabar, 6 ga Satumba

Yau ma ta je. Wai kifi bai san Asabar ba.

Litinin, 8 ga Satumba

Na bi ta da yamma don kada ta ɗauki abu mai nauyi. Ɗakin ba taga, da ɗumi kamar an dafa ruwan wanka, ƙarar ruwa ta ko'ina. Akwatunan roba jere a kan kantoci har sama, kowanne cike da 'yan kifaye masu zane, tsawonsu bai kai ƙaramin yatsana ba. Akwai abokin aikinta, wani da suke kira Dogo, ya durƙusa ya gaishe ni, duk da haka ya kusa kai ni tsawo.

Na ce ta gaya min gaskiya me take nema a nan. Ta ce, "Umma, kowace gaɓa ta jiki littafi ɗaya aka ba ta, na gado. Amma ido shafinsa yake karantawa, zuciya nata. Ni ina neman abin da ke buɗe wa zuciya shafinta." Na ce to wa ya koya wa ƙwai karatu, ni da sai da na yi jika na iya? Dogo ya yi dariya har ya riƙe kantar akwatunan.

Ta ce zuciyar wannan dangin kifin tana haske kore in an haska ta da wata fitila. Gobe za ta yi wa ƙwansu allura. Allura, ga ƙwai! Ban ƙara tambaya ba, kaina ya cika.

Ta ware kifayen biyu biyu a ƙananan akwatuna, namiji nan, mace nan, ta sa ɗan shamakin roba a tsakaninsu. Sai jiri ya ɗebe ta, ta je ofis ta zauna. Na rage ni kaɗai. Akwai wani tsohon namiji, bayansa ya ɗan lanƙwashe, sai dungurin shamakin yake da baki, matar tana can gefe tana kallonsa. Na tuna maigidana Malam a gadon asibiti, lokacin da suka hana ni shiga, ina kallonsa ta gilashi. Na zare shamakin. Da na ga sun haɗu suna zagaye juna, sai na zare na sauran ma. Ban ga abin faɗa a ciki ba.

Talata, 9 ga Satumba

Ta dawo tun hantsi, ta zauna a bakin gado da jakarta a kafaɗa. Ashe kifin nan da zarar fitilar ɗakin ta kunna kanta da safe suke zuba ƙwai. Shamakin na hana su ne har sai ta iso ta shirya allurarta, domin dole a yi wa ƙwan allura yana sabo, kafin ya rabu biyu. Ta tarar duk sun zuba tun da wuri, ƙwan ya yi nisa.

Tana ta cewa, "Ni ce na manta. Cikin nan ya cinye min ƙwaƙwalwa." Tana dukan goshinta. Na kasa jurewa, na ce ni ce.

Ba ta yi ihu ba. Da ma ta yi. Cewa ta yi, "Umma, me suka yi miki?" Na ce tausayi suka ba ni. Ta juya fuska bango.

Sai sun huta mako guda kafin su sake. Talata mai zuwa ke nan, bayan Juma'ar likita. Ta ce za ta je, likita ta yi abin da za ta yi.

Laraba, 10 ga Satumba

Ba ta yi min magana ba. Surukina yana kai da komo tsakaninmu da kofin shayi, yana cewa "Mama, a yi haƙuri," ban san wa zai yi haƙurin ba.

Abin da ya ɗaure min kai: ba wannan na zo nema ba? Na so aikin ya tsaya. To na tsayar da shi da hannuna, ga shi kuma na tura ta ta tsallake maganar likita. In wani abu ya sami cikin nan, ba shamaki ba ne, ni ce.

Juma'a, 12 ga Satumba

Jinin ya ƙara hawa. Likita ta ce in ta sake tsayuwar safe a wannan ɗumin, asibiti za ta kwantar da ita har haihuwa.

Dogo ya zo dubiya. Ya ce shi zai yi allurar. Auta ta ce mutum ɗaya ba ya iyawa sai wanda ya saba, don ba a zare shamakin gaba ɗaya. Ɗaya za a zare, a jira su zuba, a tace ƙwan, a ruga da shi wurin mai allura, sannan a zare na gaba. Ma'aikaciyar ɗakin tana hutu, sauran duk suna da aji da safe.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Zare shamaki dai, ai kun ga na iya."

Dogo ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Auta ta daure, ta daure, sai ta fashe da dariya tana riƙe ciki. Ta ce, "Umma, wallahi ke matsala ce." Amma ba ta ce a'a ba.

Lahadi, 14 ga Satumba

Tana kwance tana ba ni horo da matacin shayi da tsabar shinkafa a kwano. A hankali, Umma. Kada ki girgiza, Umma. Ni da na yi ta tace abu tun ba a haife ta ba. Na ci gaba da tacewa, mai laifi ba ta da baki.

Litinin, 15 ga Satumba

Dogo ya nemo min izini wurin shugabarsu, ya raba kifayen da yamma. Tsohon nan ya koma dungurin shamaki. Na sa hannuwana a hammata, na ce masa ka yi haƙuri, baba, gobe ne.

Talata, 16 ga Satumba

Mun riga fitila isa. Auta tana waya a kunnena daga gado. Na zare na farko, suka yi ta yawo kamar ba su san juna ba. Na biyu ma haka. Muryarta ta fara rawa, ina jin surukina yana cewa ki kwanta, ki kwanta.

Na uku na tsohon ne. Na yi bisimilla na zare. Ya bi ta, ta kauce, ya sake bi, sai ga wasu 'yan ɗige-ɗige suna sauka ƙasan akwatin kamar yayyafi. Na ce, "Auta, sun zuba!" Ta ce, "To ki daina ihu ki tace!"

Na tace, na kai. Rabon da in yi sauri haka na manta. Allurar Dogo ta gilashi ce, ta fi gashi siranta. Da ya gama ya ce in leƙa madubin da ke ƙara girman abu. Na ga ƙwai ɗaya, da ɗan tudu a kansa. Ina cikin kallo tudun ya tsage ya zama biyu. Ba wanda ya taɓa shi. Na ɗago na dubi Dogo, na sake leƙawa.

Haka kowa ya fara? Har ni, har Yaya?

Alhamis, 18 ga Satumba

Dogo ya kira ni in gani. A kwano ɗaya, waɗanda ba a yi wa allura ba, zuciya kore shar tana bugawa, kifin da ko baki bai gama yi ba. A ɗaya kwanon, namu na allura, da yawansu zuciyar tana motsi amma ba haske. Duhu.

Na ce shi ke nan, na girgiza su a hanya, na kashe hasken. Na fita waje na kira Auta ina kuka, na ce ki yafe min, sun mutu da duhu.

Ta ce, "Duhu? Umma, kin tabbata duhu?" Sai ta ƙwala ihu har surukina ya karɓe wayar. Wai duhun ake nema. Allurar ta cire abin da take zargin shi ke buɗe shafin, tun da hasken ya ɗauke, to shi ne.

Shekara da shekaru tana wahala don fitila ta mutu. Na bar wa Allah.

Litinin, 22 ga Satumba

Jinin ya ɗan sauka. Tana kwance tana rubutu, tana yi wa kowa mulki. A asibiti sun sa mana bugun zuciyar jaririn muka ji, da sauri da sauri. Na kusa tambayar likita ko an buɗe masa shafinsa daidai, na kama bakina.

Yaya ta kira, ta ce yaya kiwo. Na ce ba kiwo ba ne. Ta ce to mene ne? Na fara, na rikice a tsakiya, na ce sai kin gani da idonki.

Gobe zan ɗan leƙa can. Ba don komai ba, ina jin na bar tabarauna a kan kantar akwatunan kifi. Dogo kuma ya ce tsohon bai ci abinci sosai ba jiya.