Takalmin da Ya Matse Inna

Challawa, Kano
3 ga Maris

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya. Yaya ƙarfin jiki? Ƙanwata Maimuna, ki karanta mata tsaf, kar ki tsallake inda na yi zafi. Na rubuto ne don a waya ba kwa bari in kai ƙarshen magana.

Inna, ƙafafuna sun kumbura, da ƙyar takalmin aiki yake shiga. Gwiwa da wuyan hannu ciwo, fitsari kuma, ku gafarce ni, kumfa kamar ruwan wanki. Mu ma'aikatan kamfanin jimar fata, ko haƙori ya dami mutum mun san ruwan sinadari ne. Shekara huɗu ina tsaye a cikinsa! Na rubuta wa manaja takardar ƙorafi shafi biyu, har da neman safar hannu, mutum goma sha tara sun sa hannu. Wai in je asibiti in kawo shaida. Zan kawo, in manna masa a ƙofa.

Takalmin sallar da na aiko, wai ya matse ku. Da tsohon naku fa na auna shi. In bai yi muku ba ne, ku faɗa kawai.

Ɗanku,
Ɗayyabu

19 ga Maris

Inna,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, na karɓo sakamako. Ba ruwan kamfani ba ne. Ciwon hanta ne, nau'in B.

Na yi wa likita gardama, na ce idona fari tas, ban taɓa shawara ba. Sista Dorkas, wata nas 'yar Kafancan, ta miƙo mini takardu, ta ce tunda ni sarkin karatu ne in karanta kafin in ƙara buɗe baki. Na karanta. Ashe cutar tana shekaru a jini shiru, jiki yana yaƙi da ita, tarkacen yaƙin ya maƙale a ƙoda da gaɓoɓi. Ido fari, ƙoda tana yoyo.

Na koma wajen manaja na faɗi gaskiya, kaina a sama. Amma ban janye takardar ba. Safar hannu haƙƙinmu ce, ko hantata lafiya ko babu.

Likita ya ce yawanci tun haihuwa ko ƙuruciya ake ɗauka. Yana faɗa takalmin nan ya faɗo mini a rai. Inna, ba shi ya matse ba, ƙafarku ce ta kumbura. Shekara nawa kuna cewa sanyi ne? Ku bar kiran Haruna wanzami. Ƙaho ba ya kaiwa ga ƙoda, askarsa kuma tana iya kai wa wani cutar.

Ku shigo motar Ringim ran Litinin a gwada ku, tun ƙodar tana jin magani. In ba ku zo ba, zan zo in tsaya a ƙofar gida ina surutu har ku shiga mota. Kun san halina, ku kuka raine ni.

Ɗanku,
Ɗayyabu

Dorayi, Kano
28 ga Yuni

Maimuna,

Ina gaisuwa, ya yara? Inna tana gaishe ki.

Kin san gwajin ya nuna tana da shi, kuma ya taɓa ƙodar, amma an tare shi da sauran dama. Yanzu kowa da ƙwayarsa kullum safe, ni da ita, kofi ɗaya. Mako guda ta yi tana kuka, wai ita ta ba ni ciwo. Na ce ai rai ma ita ta ɗauko ni da shi har duniya, ban ji tana neman gafarar wannan ba. Ta ce bakina zai kashe ta kafin hanta.

Saura ke da yaran. Gwaji, wanda ba shi da shi a yi masa rigakafi. Kar ki ce mini idonki fari ne.

Jiya za mu asibiti, na leƙa ɗaki na iske ta zaune bakin katifa, ta ciro takalmin daga ƙasan jakarta, har da ledarsa. Ashe da shi ta taho. Ta zura ƙafa, ya shige. Ta ɗago ta kalle ni, ta ce kalar ce dai ba ta yi mata ba.

Yayanki,
Ɗayyabu