Goron shaidar Baba Bala

Madarumfa, ranar Laraba

Zuwa ga Yaya Ilyasu, a Tamanrasat.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da duk 'yan garinmu da kuke aikin gini tare. Allah ya tsare ku, ya sa albarka a guminku. Mu nan lafiya lau. Inna ta warware daga ciwon ƙafar nan, har tana zuwa kasuwa da kanta. Mun gama kai gero rumbu, wake ne bai yi kyau ba bana. Ɗanka Al'amin ya fara tafiya, duk abin da ya gani sai ya jawo, matarka Mariama ba ta samun zama. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san a aji uku na bar lakwal, amma labarin nan ya fi ƙarfin waya.

Yaya, an samu mai sayen filin Baba na Ɗan Issa! Wannan na bakin hanya da muke raina shi don ko gyaɗa ba ta yi a ciki. Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi zai gina shaguna, ya taya miliyan huɗu, Shamsu dillali ne ya kawo shi. Da na ji kuɗin sai da na zauna a ƙasa. Nan take na tuna lambun bakin tabki da muka daɗe muna magana, da injin ban ruwa, mu shuka zogale da albasa ka dawo gida ka huta da ɗaukar siminti a ƙasar mutane.

To, sai muka je biron lampo, wato ofishin haraji, ni da Inna don a yi takardu. Ma'aikacin mutum ne mai kirki, ya ba Inna kujera. Ya ce akwai wani lampo da ake biya idan an sayar da fili, ya faɗi sunansa da Faransanci har sau uku ban iya riƙe shi ba. Inna ta ce ya faɗa mata da Hausa. Ya sosa kai, ya ce shi dai bai san sunansa da Hausa ba. Ai kuwa Inna ta gyara mayafi ta ce abin da ba shi da suna a bakin mutane ba ta ga yadda za a ce ta biya shi ba. Har masu jira a benci suka yi dariya. Ni na tsaya na yi ta tambaya a hankali har na gane. Ashe kamar ragon kiwo ne: abin da ka saye shi daban, abin da ka sayar daban, ribar da ke tsakani a kanta ake cire wani abu. Da na yi wa Inna wannan misali ta ce rago ana ba shi dusa, shi kuwa filin nan ba wanda ya ba shi komai, motoci ne suka yi yawa ya yi tsada. Ma'aikacin ya ce ai shi ke nan ta gane.

Matsalar ita ce sai an san nawa Baba ya saye shi, kuma ka san ba takarda. A bakin itace aka yi cinikin shekara ashirin da shida da suka wuce, aka raba goro, aka shafa fatiha. Ma'aikacin ya ce maganata da ta Inna ba ta isa ba tunda mu ne masu sayarwa. Sai dai mu kawo takardar mai gari da shaida ya yi bayani a gabansa, in ba haka ba lissafin zai yi mana nauyi. Na duba na ga in aka yi hakan, lambu zai samu amma inji ba zai samu ba, kuma lambu ba inji ai wahala ce kawai za ka dawo ka tarar.

Wanda ya sayar wa Baba ya rasu, matarsa Hajiya Zulai ce ta rage, ita kuwa ba ta wurin ranar da aka yi cinikin. Cikin shaidu huɗu saura ɗaya, Baba Bala mai kamun kifi. Ka tuna shi da Baba sun yi shekara goma ba sa gaisawa a kan maganar kwalekwale, har Baba ya rasu ba su shirya ba. Shamsu ya ce kada in wahalar da kaina, zai samo mini dattawa biyu da za su ce suna wurin, su faɗi kuɗi mai yawa, lampo ya sauka ƙasa. Ban ɓoye maka ba, na kwana biyu ina juya abin a raina. Amma na kasa, don da sunan Baba za a yi ƙaryar.

Sai na fara zuwa bakin tabki da hantsi inda Baba Bala ke gyaran taru. Ranar farko na gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba. Na zauna na riƙe masa bakin taru. Kwana tara ina haka, ban ce masa komai ba, shi ma bai tambaye ni ba, sai dai ya ce hannuna ya cika nauyi kamar na ubana. Rana ta goma na sayi goro fari mai kyau na ajiye gabansa na faɗi abin da ya kawo ni. Ya dubi goron ya turo mini shi.  Sai ya ce shi ya riga ya ci goron wannan magana tun kafin a haife ni, ba a cin goron shaida sau biyu a kan ciniki ɗaya. Faɗansa da Baba daban, abin da aka ɗora masa daban. Ya ce in jira shi gidan mai gari ranar kasuwa.

Yaya, da ka ga tsohon nan! Ya zo da rigarsa ta Juma'a, ya zauna, ya kawo magana kamar jiya aka yi. Ya ce Baba ya ba da dala dubu arba'in hannu da hannu, da bijimi ja mai karyayyen ƙaho, da dami talatin na gero, ya faɗi kuɗin da bijimin ya yi a kasuwa a wancan makon. Magatakarda yana rubutawa ina jin daɗi. Na ɗauka tsohon ya gama, sai ya ce da saura. Wai daga itacen aduwar da ke cikin filin zuwa gabas ba a sayar ba, aro aka ba Baba ya riƙa ɗaure dabbobi, don haka wannan ɓarin na Hajiya Zulai ne. Shamsu ya riƙa taka mini ƙafa. Inna ta ce ita ma yanzu ta tuna Baba ya taɓa faɗin haka. Mai gari ya tambaye ni ko ina da ja. Na ce tunda na karɓi farkon maganar ba zan mayar da ƙarshenta ba.

Aka auna, ɓarin Hajiya ya kama kusan kashi ɗaya cikin shida. Da muka je muka gaya mata ba ta san ma tana da shi ba, ta yi ta kuka tana yi wa Baba addu'a. Na kai takardar mai gari biro da hatiminta, ma'aikacin ya karanta ya yi murmushi a wurin bijimin, ya karɓa. Abin da ya rage mana ya isa lambu da inji. Babur ɗin da na so saya ne ya tafi, to ƙafata lafiyarta ƙalau.

Yanzu ga abin da nake so da kai. Kai ma magaji ne, ba za a sa hannu a cinikin ba sai da takardar da ka wakilta ni, saƙon murya ba ya shiga. Ka nemi wanda ya san hanya a can a rubuta a buga hatimi, ka ba direban da ke zuwa Agadas ya miƙo. Kada ka ce sai an biya ku kuɗin wata, don ni na riga na ba mai lambu maganata cewa zan cika masa kafin ƙarshen watan gobe, lokacin da ruwa zai janye a fara dashe. A bakin tabki muka yi, aka shafa fatiha, kuma Baba Bala na kira shaida. Wannan karon ya karɓi goron, ya ɓare ya ci a gabana, ya ce in na saɓa, shi ne zai fara faɗa. Ka dai ji irin mutumin da ke riƙe da maganar ƙanenka.

Inna tana gaishe ka tana sa maka albarka. Mariama da Al'amin suna gaisuwa, haka Habiba da mijinta, da Hajiya Zulai da ta ce lalle in sa sunanta. Ka gaishe mini da Nura da Sadiƙ. Allah ya haɗa fuskokinmu a cikin lambun nan.

Ni ne ƙanenka mai jiran takarda,
Ɗan Azumi