Farfesun da Inna Ba Ta Ci Ba

Yaya Sabi'u,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti Rabi da yara. Ya ruwan Fatakwal? Ya ƙarin haƙurinmu na rashin Inna?

Tukunyar firesha mai saurin nunar da nama da ka aiko mata ta iso Daura bayan sadakar arba'in. Na daɗe ban buɗe kwalin ba. Jiya na daure na ɗora farfesun ƙafar saniya, wanda take so amma haƙora suka hana ta, sai dai ta tsotsa ta ajiye. Yaya, ko kanwa ban jefa ba, naman ya yi luguf.

Da murnata na zuba a kwanonta na nufi ɗakinta. Sai da na yi sallama sau biyu sannan na ga kwaɗo a ƙofar.

Na kai wa Gwaggo Hajjo maƙwabciyarmu sadaka, ita ma ba haƙoran. Ta cinye tas, ta ce Allah ya kai ladan kabarin Inna.

A gaida kowa, a sa mu a addu'a. Kai kuma kar ka ƙara cewa ka makara.

Ƙanwarka,
Hadiza