Kar Ka Fidda Azarar Ɗakin Inno

Daga Bukuru, wurin haƙar kuza.

Yaya Lirwanu, gaisuwa mai yawa. Ina Inno da mutanen Dandin Mahe? Ni lahiya lau, sai ɗan tari.

Hammadu ya zo daga gida, ya ce za ka fidda azarar ɗakin Inno, ka sa katako da kwano. Don Allah, kar ka yi! Irin rufin da anka yi muna a nan Bukuru ke nan. Gara ta cinye katakon, iska ta kayar da shi bisa abokin aikina Maniru ɗan Kajiji. Jiya munka binne shi.

Azarar nan namijin giginya ce Baba ya tsaga, gara ba ta cin ta. Ka yaɓe rufin kawai kahin damina.

Ban san ko Bature zai sallame mu ba. In ban dawo ba, bar Inno ta tsufa ƙarƙashin aikin Baba.

Ƙanenka, Sodangi.